INA BASHIN JAMA'A YAKE KWANA IDAN AN SAUYA WAYA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu 'yan kasuwa na Kasuwar Shanu ta Potiskum ya gabatar a taron ƙungiya)

  

An nemi mu ce wani abu game da wannan yayi da ya shigo mana na sauya waya, watau mutum ya bar Android ya koma iPhone, ko ya bar iPhone ya dawo Android. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da sa da wannan zance, ai na 'yan boko ne. To, jama'a, ruwanmu ne ƙwarai, domin a yau rabin cinikin da ake ƙullawa ranar Laraba a karar nan a cikin waya yake kwana. Mai gida yana Legas ko Lokpanta ko Fatakwal, dillali ya ɗauki hoton bijimi ya tura masa, su yi ciniki da saƙon murya, a ce an sallama, za a biya rabi yanzu, rabi in tirela ta sauka. Babu takarda, shaida kuwa sai ita wayar. Ranar da aka sauya ta ba bisa ƙa'ida ba, shaidar ta tafi, bashin kuwa yana nan a wuyan mutum har gaban Allah.

Da farko ya kamata mu rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa. Sauya kamfani daban, sauya tsari daban. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duk kamfani guda ne na ƙasar Sin mai suna Transsion yake yin su, da Samsung da Redmi, dukkansu babbar manhaja guda ce take tuƙa su, ita ce Android ta kamfanin Google. Wanda ya bar Tecno ya koma Samsung kamar wanda ya tashi daga wata unguwa ne ya koma wata a cikin gari guda. Amma iPhone tsarinta daban ne, sunansa iOS, na kamfanin Apple, ba ya hawa kan wayar kowa sai tasu. Wanda ya koma can ya yi ƙaura ne sosai, irin wadda iyayenmu suka yi daga Kano da Katsina da Haɗeja suka zo suka zauna cikin Ngizimawa da Karekare da Bolawa. Su kuwa sun san ba kowane kaya ne yake bin mutum ba, sai wanda ya ɗaure da hannunsa.

Kuma ba yau muka fara irin wannan ƙaura ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, muka yi zamanin Nokia mai tocila, wadda caji ɗaya yake kai mutum Legas ya dawo. Daga nan yaranmu da wasu daga cikinmu suka rungumi BlackBerry, ana ta musayar lambar BBM. Ina take yanzu? WhatsApp ya daina aiki a kan tsarin Symbian na Nokia a tsakiyar 2017, ya daina a kan BlackBerry a ƙarshen wannan shekara, BBM aka rufe shi a watan Mayu na 2019, kuma a watan Janairu na 2022 kamfanin ya janye hannunsa daga tsoffin wayoyinsa ɗungurungum. Waɗanda suka sayi Lumia mai tsarin Windows su ma haka ta faru da su. Waɗancan ƙaura ce ta dole, amma asararta kaɗan ce, don a lokacin abin da ke cikin waya bai wuce lambobi da 'yan hotuna ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1000 a watan Oktoba na 2022, kuma duk wanda yake wurin nan ya san irin wahalar da aka sha a farkon 2023. Mutumin da bai taɓa yarda da kuɗin da ba ya iya ƙirgawa da yatsa ba, har da Bafulatanin da ya koro shanunsa daga ruga, dole ta sa ya koyi jiran alat. Tun daga lokacin waya ta zama aljihu, ta zama littafin bashi, ta zama rasit.

To, bari mu zo kan WhatsApp, don nan ne gizo yake saƙa. Mai Android, ajiyar hirarsa tana zuwa rumbun Google ne, wanda ake kira Google Drive. Mai iPhone kuwa tasa tana zuwa iCloud, rumbun Apple. Waɗannan rumbuna biyu ba sa buɗe wa juna ƙofa. Saboda haka idan mutum ya sayi iPhone, ya zura layinsa, ya buɗe WhatsApp da lambarsa, zai ga ƙungiyoyin da yake ciki sun dawo, ya yi murna, amma tsohuwar hira fayau, babu murya ko guda. Shekara da shekaru babu wata halattacciyar hanya ta kwashe ta. Sai a 2021 aka buɗe hanyar tahowa daga iPhone zuwa Samsung, daga baya aka ƙara da wayoyi masu Android 12 zuwa sama, sa'an nan a tsakiyar 2022 aka buɗe ta komawa iPhone daga Android, ta hanyar wata manhaja mai suna Move to iOS.

Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma a nan ake faɗawa rami. Dole iPhone ɗin ta kasance sabuwa fil ko wadda aka goge tas, domin a wajen kunnawar farko kaɗai take karɓar kayan. Dole lambar layi ta zama ita ce dai ta tsohuwar wayar. Dole wayoyin biyu su kasance kusa da juna, a jone da wuta, kuma in hotuna da bidiyon shanu sun yi yawa, abin yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Wanda ya riga ya kunna iPhone ya yi kwana uku yana aiki da ita, in yana son tsohuwar hirarsa sai an goge ta an sake daga farko. Masu amfani da WhatsApp na jabu irin su GB kuwa, wannan hanya ba tasu ba ce, bugu da ƙari kamfanin yana iya rufe musu lamba.

Duk wannan da sauƙi muddin tsohuwar wayar tana hannu, don hirar tana nan a cikinta. Babbar musiba ita ce musaya, a ba mai shago tsohuwa a yi ciko a karɓi sabuwa. Kafin mutum ya kai bakin titi an goge ta an sa a gilas. Mun ga yadda irin wannan ta haɗa mutum biyu da suka shekara ashirin suna hulɗa. Ɗaya ya ce saura kuɗin shanu uku, ɗaya ya ce biyu ne, muryar da za ta raba gardama ta tafi a wani shago. Babu maƙaryaci a cikinsu, mantuwa ce irin ta ɗan Adam, amma sai da dattawan kara suka zauna sau biyu, kuma har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba.

Sai maganar lambobi. Layin waya ba ya ɗaukar fiye da suna 250 ko kusa da haka, alhali dillali guda yana iya riƙe dubu, daga “Alhaji Agege na biyu” har “Direba mai jar tirela”. Lambar da aka ajiye a asusun Gmail tana bin mutum ko'ina, har cikin iPhone, da zarar an shigar da asusun. Wadda aka ajiye a cikin ƙwaƙwalwar wayar kuwa sai an kwashe ta da gangan. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mu nawa ne a nan muka san sunan Gmail ɗinmu da kalmar sirrinsa? Yawancinmu yaron shago ne ya buɗe mana ranar da muka sayi waya, ya sa abin da ya ga dama, shi ma ya manta. Mabuɗin rumbunka yana hannun yaron da ba ka san inda yake ba yanzu. Wannan a gyara shi tun kafin a yi zancen sabuwar waya.

Ta fuskar banki, manhajar ba ta ƙaura da kanta a buɗe. Sai an sake shiga, a turo lambar tabbatarwa ta layin da aka yi rajista da shi, wani bankin ma sai an taka ofishinsa. Lambobin nan da ake dannawa masu tauraro kuwa suna bin layi ne, ba ruwansu da irin waya, shi ya sa ƙaramar waya mai tocila ba ta fita daga aljihun mai hankali. Don haka kada wanda ya sauya waya daren Talata, ko ana saura mako guda Babbar Salla. A bari sai an watse daga kasuwa, an sallami motoci.

Game da ita iPhone kanta, ba mu zo kushe ta ba. Hotonta yana da kyau, yana fito da ƙiba da lafiyar dabba, tana da ƙarko, kuma ɓarawo ba ya jin daɗinta. Amma mai saye ya san abin da zai rasa. Ba ta cin memori. Ba a tura mata karatu ko wa'azi ta Bluetooth daga Android yadda muka saba. Rumbun da Apple yake bayarwa kyauta giga 5 ne, na Google 15, in ya cika sai biya duk wata. Yawancinsu layi guda ake zurawa, na biyun sai irin wanda ake kira eSIM, wanda ba kati ba ne, a ofishin kamfanin layi ake ɗora shi. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka kuwa, daga iPhone 14 ta shekarar 2022, ba su da ramin layi sam. Wanda yake sayayya ta wajen Geidam har ya tsallaka Diffa, yana riƙe da layin Nijar da na gida biyu, ya yi wannan lissafi tukuna. Kan caja ma sai daga iPhone 15 ta 2023 ya zama irin na sauran wayoyi, in ta ƙasa da haka ce, ranar da caji ya ƙare a tsakiyar kara sai an sha yawo kafin a sami aro.

Har ila yau, mafi yawan waɗanda ake kawo mana daga Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja na hannu ne. Tun 2013 Apple ya sa wani makulli wanda in mai ita na farko bai fita daga asusunsa ba, wayar ba za ta buɗu ga kowa ba, ta zama madubi. Android ma tana da irinsa tun 2015. Kada a biya sai an goge ta an kunna a gaban mai saye, a danna *#06# a ga lambar jikinta, a rubuta a rasit. Mai barin iPhone kuma ya kashe iMessage kafin ya cire layi, in ba haka ba saƙonnin wasu masu iPhone za su riƙa ɓacewa a hanya.

Ra'ayinmu dai, wanda wayarsa take masa aiki, kuma ba abin da yake ja sai don a ga tambarin tuffa a hannunsa, ya zauna inda yake, kuɗin ya sayi ɗan maraƙi. Wanda yake da dalili ya ƙaura, amma ya riƙe tsohuwar wayar wata guda cur kafin ya sayar ko ya ba iyali.

Akwai abin da ya fi duk wannan, malamanmu suna zaune, in mun yi kuskure su gyara. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma mun karanta tun muna Islamiyya cewa ba a raba gado sai an biya bashi. Yau in ɗayanmu ya faɗi, wayarsa a kulle da yatsansa ko fuskarsa, magada za su san wa yake bi, wa yake binsa? Mun ga misali a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka rufe layukan waya a Yobe da Borno da Adamawa tun daga watan Mayu, mu nan sai a Yuli aka buɗe. Waɗanda suke da littafi su ne suka ci gaba da lissafinsu ba gardama.

Saboda haka muna roƙon shugabanni, kafin taro na gaba, a sayo manyan littattafai masu bango mai ƙarfi a raba wa kowane mai gida a kara, duk cinikin da ya kwana a shigar da shi da suna da adadi da rana da shaidu biyu, da boko ko da ajami. A kuma zaɓo yara uku amintattu daga cikin 'ya'yanmu masu ilmin waya, su riƙa zama a ofishin ƙungiya ranar Asabar bayan La'asar, duk mai son sauya waya ya zo da tsohuwa da sabuwa da cajarsu, a yi a gabansa, kalmar sirri kuma shi zai danna da hannunsa.

Allah Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.