Darasin Siffofi a Tafin Hannu

Jawabin malaman lissafi na reshe a taron 'yan ƙungiya da iyalansu, Nassarawa GRA, Kano



Abin da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido: 'yar takarda murabba'i wadda ba ta cika tafin hannu ba. Amma muna roƙon ku ba mu aron hankalinku, domin muna ganin a cikinta akwai maganin wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya.

Yaro yakan gama firamare, ya ratsa sakandare, ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, a tambaye shi fuskoki da gefuna da kusurwoyin siffofi masu jiki, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannunsa da sunan darasi ba. Mukan zana masa akwati a jikin allo, mu ce fuskarsa 6, shi kuwa 3 kawai yake gani. Sai ya haddace, kuma abin da aka haddace ba tare da fahimta ba, ranar jarrabawa yake yin ɓatan dabo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu malaman lissafi muna ƙarawa da cewa taɓawa ta fi gani.

Mutanen Japan suna da fasahar naɗe takarda da suke kira origami. Wani reshenta shi ne a naɗe ƙananan takardu da yawa naɗi iri ɗaya, sannan a sarƙa su su zama siffa guda, ba gam, ba zare, ba allura. Naɗin da ya fi shahara a wannan fanni yana ɗauke da sunan Mitsunobu Sonobe, wanda aka buga samfurin akwatinsa a Japan a 1968. Tun kafin nan masana tarbiyya sun gane amfanin abin. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa makarantar ƙananan yara irin ta zamani wajen 1840, ya sanya naɗin takarda cikin ayyukan yara. A 1893 kuma wani Ba'indiye, T. Sundara Row, ya wallafa littafi sukutum a Madras kan koyar da lissafin siffofi ta hanyar naɗi.

Ga yadda ake yi. Farar takardar ofis da muka saba da ita faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan aka yanka ta murabba'i-murabba'i masu santimita 7, za a sami guda 12. A ɗauki ɗaya a ninke ta biyu a buɗe, a kawo gefuna biyu su haɗu a layin tsakiya, a sake buɗewa. A lanƙwasa kusurwoyi biyu masu kallon juna a karkace, kowacce zuwa layin da ya fi kusa da ita, a mayar da gefunan tsakiya. Sai a karyo sauran kusurwoyin biyu a cusa kowacce ƙarƙashin leɓen da ke gabanta. A juya bayanta a tanƙwaso tsinayen biyu. Abin da zai fito shi ne ƙaramin murabba'i mai harshe biyu da aljihu biyu. Harshen wannan shi ke shiga aljihun waccan. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya fara daga kusurwa iri ɗaya, domin naɗin dama ba ya karɓar naɗin hagu.

Guda 6 suna ba da siffar ƙwayar sukari. Idan aka ƙara wa kowanne naɗi guda a tsakiya, daga kusurwa zuwa kusurwa, guda 3 sukan haɗu su tayar da 'yar dala, irin dalar gyaɗar Kano ta da, sai dai wannan gefenta uku ne. Guda 12, wato takardar ofis ɗaya tak, suna ba da dunƙule mai dala 8. Guda 30, wato takarda biyu da rabi, suna ba da ƙwallo mai dala 20, wadda in an rataye ta a aji sai a ɗauka daga kanti aka sayo ta.

Darussan da ke ciki sun fi adon yawa. Naɗin farko rabi ne, na biyu rubu'i. Idan yaro ya warware naɗinsa ya ƙirga alwatikan da layukan suka bari, zai gano da kansa cewa fuskar akwatin kashi ɗaya ce cikin 8 na takardar da ya fara da ita. Idan ya riƙe akwatin ya ƙirga, zai sami kusurwa 8, fuska 6, gefe 12. A haɗa 8 da 6, a cire 12, saura 2. Wannan ita ce ƙa'idar da Leonhard Euler ya bayyana a 1750, kuma duk dunƙulalliyar siffa mai shafaffun fuskoki, wadda ba ta da rami ko lotsawa, 2 ɗin nan za ta bayar. Ga kuma tambayar da ke sa aji ya yi tsit: dala 4 a kewaye da wuri ɗaya suna lanƙwashewa, 5 ma haka, to me ya sa 6 suke shimfiɗewa kamar tabarma? Domin gindin kowace dala alwatika ce mai kusurwar digiri 60, kuma 60 sau 6 shi ne 360, cikar da'ira. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ba ya bukatar bulala kafin ya tuna.

Akwai wata fa'idar da ta shafi halin da muke ciki. Cunkoson aji yana kashe yawancin ayyukan hannu, amma wannan aikin yawan hannuwa yake so. Aji mai yara 60, kowa ya naɗe guda ɗaya, an sami ƙwallo biyu daga takarda 5. Wanda ya yi naɗinsa da ganganci, ƙwallon kowa ce za ta saki, don haka yaran da kansu suke gyara wa juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma 'yan ƙungiya sun fi kowa sanin ma'anar abu mai rauni shi kaɗai, mai ƙarfi idan ya sarƙu da ɗan'uwansa.

Kada wani ya ce baƙon abu muka jajibo. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana sayar da takarda mai tambarin wata uku, wadda fatake ke ratso Sahara da ita. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Dagin da ke jikin sorayenmu, da zanen hular zanna, da saƙar faifai, duk maimaita siffa ɗaya ne har ta haifi ado. A nan Nassarawa ma, makarantar boko ta farko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909, tana da sashen sana'o'in hannu a gefen karatu da lissafi. Gidansa yana nan a unguwar nan. Hannu da ƙwaƙwalwa tare suka fara tafiya a makarantunmu, daga baya aka raba su.

Muna da jan hankali guda uku. Na farko, a tantance takarda kafin a yanka. Duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba ta shiga wannan aiki, haka nan takardar da ke da sunan ɗalibi da makinsa, domin amana ce. Tsohuwar kalanda da ragowar takardun ofis sun wadatar. Na biyu, malami ya yi yankan da kansa tun a gida, kada reza ta shiga hannun yara. Na uku, kada a tsaya a ado. Duk abin da aka naɗe a ƙirga shi, a auna shi, a rubuta sakamakon a littafi.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta shafi ƙungiya. Dabarar malami ba ta sauke nauyin hukuma. A watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da neman a gani a ƙasa: azuzuwa, kujeru, kayan koyarwa, da ƙarin malamai. Idan muka naɗe takarda, ba cewa muke yi ta ishe mu ba. Cewa muke yi yaron da ke gabanmu bana ba zai jira sai kaya sun iso ba, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna ba reshe shawarar ya ware rana ɗaya a zangon nan domin malamai su koya wa juna naɗin, sannan kowace makaranta ta baje abin da ɗalibanta suka yi a ranar 14 ga Maris, Ranar Lissafi ta Duniya. Ku kuma iyaye mata da ke nan, idan yaro ya dawo gida da 'yan takardu a aljihu, kada a share su da shara. A ba shi wuri a kan tabarma, a tambaye shi fuska nawa, gefe nawa.

Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya sa wa aikinmu albarka, Ya jiƙan malaman da suka koyar da mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.