Hunturu da Aikin Hannun Ƙananan Yara a Yankin Ƙaura Namoda da Shinkafi

 

 An nemi in yi bayani a wannan taro a kan irin aikin hannun da ya dace a koya wa ƙananan yara a lokacin sanyi, kuma na karɓa da farin ciki, domin batu ne wanda mutane ke ganinsa ƙarami alhali kuwa tarbiyya mai yawa tana rataye da shi.

Abin da ya sa na ga wajibcin maganar shi ne, da yawa daga littattafan da ake koyar da yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai da su a makarantun zamani, an tsara su ne bisa yanayin ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyi ke zuwa da ƙanƙara mai lulluɓe ƙasa, itatuwa su tsaya tsirara, rana ta gajarta. Saboda haka sai ka tarar malama a Ƙaura Namoda ko a Shinkafi, da kyakkyawar niyya, ta sa yaro yana manna auduga a kan takarda wai yana siffanta mutum-mutumin ƙanƙara, abin da shi bai taɓa gani ba, ita ma ba ta taɓa gani ba, kuma babu wani daga cikin kakanninsu da ya san shi. Ban ce haramun ne yaro ya san halin wasu ƙasashe ba, bal ma abin so ne. Amma hankali yana tafiya ne daga sananne zuwa ga wanda ba a sani ba, kuma yaron da aka fara masa da abin da babu shi a ƙofar gidansu, a hankali zai ɗauka cewa ilmi wani baƙon abu ne da ke zaune cikin littafi, ba ruwansa da garinsu.

Mu kuwa Allah Ya ba mu namu lokacin sanyin, da siffarsa da kayansa. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Hamada, ta kwaso ƙura wadda masana suka ce mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa, ta sauke mana hazo da jaura, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. To, a daidai wannan lokaci ne kuma aka gama girbi, gero ya shiga rumbu, an yanke dawa, an tsinci auduga, duma ya bushe, gamba ta isa yanka, ruwan kogin Gagare da na Bunsuru ya ja baya ya bar yumɓu a gaɓa. Duk wanda ya yi tadabburi zai ga hikimar Ubangiji cikin wannan haɗuwa, domin a watannin da manomi ya sami sarari, a cikinsu ne kayan aiki suka yawaita har ana tattaka su, kuma a cikinsu ne ɗari ke tara yara a gindin wuta kusa da manya.

Bari in daɗe kaɗan a kan kara, don shi ne shugaban waɗannan kaya. Karan dawa yana da ɓawo mai ƙarfi wanda ake tsagawa siri-siri, yana da totuwa mai taushi a ciki wadda farce ma yana yanka ta, kuma daga haɗa waɗannan biyu, a soka tsinken ɓawo cikin totuwa, 'ya'yan Hausawa suka daɗe suna ƙera mota da keke da tabarau da kejin tsuntsu da ƙaramin gado, ba ƙusa, ba zare, ba ko kwabo. Garin da layin dogo ya iso a shekarar 1929 ya tsaya a cikinsa, wato Ƙaura Namoda, ya daɗe da sanin siffar jirgin ƙasa, kuma mai ƙera jirgin kara da taragunsa ya san ba wasa ne kawai ba. Ku dubi abin da ke gudana a kan yaro sa'ad da yake wannan aiki: dole ya gwada tsinke da tsinke har tsawonsu ya daidaita, in ba haka ba motar ta karkace, dole ya yanka ƙafafu huɗu masu girma ɗaya, dole ya gane cewa totuwar da aka soka sau da yawa a wuri guda za ta fashe, in kuwa ta fashe, babu malamin da ya buge shi, aikin ne da kansa ya nuna masa kuskurensa, sai ya sake ɗaukar wani kara. A nan akwai lissafi, akwai awo, akwai haƙuri, akwai kuma horon yatsu waɗanda gobe za su riƙe alƙalami.

Ibn Khaldun ya yi bayani cikin Muƙaddima cewa sana'a malaka ce, wato gwaninta, wadda ke tabbata a jikin mutum ta hanyar maimaitawa, kuma abin da ya riga ya zauna da farko shi ya fi kafuwa. Imam Gazali kuma, cikin Ihya, ya yi wasiyya da a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, yana mai gargaɗin cewa hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana dusashe basirarsa. Turawa ma da suka zo daga baya, kamar Firobel wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a Jamus wajen 1840, da Mariya Montesori wadda ta buɗe tata a birnin Rum a 1907, a kan wannan asasi suka gina, wato yaro da hannunsa yake fahimta kafin ya fahimta da kunnensa. Ko makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'i. Bambancin kawai shi ne, su sai da suka sa aka sassaƙa musu kayan koyarwa da kuɗi, mu kuwa namu suna zube a bayan gari.

Makarantar allo ba ta taɓa rabuwa da wannan ba. Almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa daga gamba, shi ke dafa tawadarsa da gawayi da ƙaro, shi ke wanke allonsa, kuma a hunturu shi ke zuwa ya yo karan da za a hura wutar karatun dare. Me zai hana malamar aji ɗaya ta zauna da yaranta su haɗa tawada, kowa ya zana abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa makaranta?

'Yan mata kuma suna da nasu fagen, ko da yake ban ga dalilin da zai hana kowane jinsi ya taɓa na ɗayan ba. Akwai gurzar auduga a raba ta da gurya, da shiɓa, da kaɗi da mazari, wanda yarinya 'yar shekara shida kan fara a gefen kakarta. Akwai saƙar ƙaramin faifai da kaba, da tukar igiyar rama, da ginin 'yan tukwane da kasake da yumɓu, waɗanda iskar hunturu kan busar da su da sauri, har ma ta tsaga su in ba a ajiye su a inuwa ba, wannan ma darasi ne. Na san akwai iyayen da ke ɗar-ɗar da 'yar tsana saboda hukuncin sura, kuma tsoronsu na addini abin girmamawa ne. Sai dai ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kuma matan sahabbai sun kasance suna yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu domin su ɗauke hankalinsu daga yunwa ranar azumin Ashura. Da wannan ne jumhurun malamai suka yi rangwame ga wasan yara.

Ba zan ɓoye muku abin da ke zuciyar kowa a wannan zaure ba. Rashin tsaron da ya addabi Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura cikin shekarun nan ya sa dajin da yara ke shiga su yo kara da gamba ya zama wurin tsoro, gonaki da dama ba a noma su ba, kuma iyalai masu yawa sun baro ƙauyukansu sun tare a cikin gari, tare da yaran da suka ga abin da bai kamata ido ƙarami ya gani ba. Saboda haka kada malami ya aiki yaro bayan gari. Manya su kawo, ko a roƙi manoman da ke kusa dami ɗaya ko biyu, wanda zai ishi aji guda makonni. Kuma cikin waɗanda suka yi gudun hijira akwai tsofaffi mata gwanayen kaɗi da saƙa, da dattawa masu saƙar zana da asabari, suna zaune ba aikin yi, zuciyarsu a karye. In shugaban makaranta ya gayyato ɗaya daga cikinsu sa'a guda a mako, ya karrama shi da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya amfani yaran, ya kuma mayar wa dattijon da wani abu na mutuncinsa.

Saura sharuɗɗa kaɗan na kiyaye lafiya, waɗanda bai halatta a yi sakaci da su ba. Ɓawon kara yana da kaifi kamar aska, don haka babba ne zai tsaga wa 'yan ƙasa da shekara shida, su kuma su yi sukar da haɗawa. Kada a tara kara kusa da wuta, domin gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa. Kada a ɗebo ƙasa ko yumɓu daga inda ake haƙar ma'adinai ko wanke su, gama ba mu manta da gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ba. Yaro mai tari ko asma a nisanta shi da shiɓar auduga da ƙaiƙayi. In an gama aikin laka a wanke hannu da ruwan ɗumi a shafa man kaɗanya, kuma a sanya darasin da hantsi, sa'ad da rana ta ɗaga yatsu suka saki, ba da sassafe ba.