Kwalkwalin Hawan Sallah: Mu Gyara Shi Kafin Ya Ba Mu Kunya

 

Abin da ya tashe mu tsaye yau maganar kwalkwali ce. Wani zai ce, to mene ne na tara jama'a a kan hular 'yan lifidi? Ai kuwa da dalili. A hawan Sallar da ta wuce, wasu yaranmu sun fito da hular roba irin ta magina, an fesa mata fentin azurfa. Kafin a isa ƙofar fada rana ta buga, fentin ya dinga ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, mutane na dariya. Mu kuwa a nan Lafiya, garin da Barebari suka kafa ƙarƙashin Muhammadu Dunama, in ɗanmu ya yi abin kunya ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi, "Ga Hausawa can."

Kwalkwalin asali ba haka yake ba. Tsumma ake naɗewa a ɗinke tamau, wani lokaci a kifa masa kwanon tagulla ko na farin ƙarfe, sannan a soka gashin jimina a bisa. Kuma fa wannan al'ada ba ƙaramar aba ba ce, don a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada. To, tunda kwaikwayo muke yi, mu yi shi da kyau.

Na farko, a goge kwanon da yashi mai laushi da toka har maiƙo da tsatsa su fita, a shanya. Fenti ba ya kama wuri mai maiƙo.

Na biyu, a fara shafa jan fentin nan da masu walda ke sa wa ƙofa, a bar shi ya kwana. Kar mu manta ruwan Lafiya ya fi na Kano, Sallah kuma zagaya shekara take yi, wani zubin ta faɗo tsakiyar damina. Wannan jan shi ne maganin tsatsa.

Na uku, a sa launin sama siriri-siriri, sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Mai kauri ɗaya shi ke tsagewa. In tagulla ce, ba ta son fenti sam. Tsamiya da toka sun ishe ta. Fatar maɗauri kuwa a kai wa dukawa: karan dafi na ba da ja, bagaruwa da ruwan tsatsar ƙarfe na ba da baƙi.

Na huɗu, kashe ƙyalli. Sabon abu fil ba shi da kwarjini. A kwaɓa kunkunniya da ɗan man takalmi, a shafe kwalkwalin, a bi da tsumma nan take. Baƙin zai zauna cikin zane da gindin ƙusoshi, tudun ya fito fari, kamar wanda ya sha hannu shekara da shekaru. Amma kaɗan, kar ya koma gindin tukunya.

A nan ne za mu ja kunnen junanmu, mu 'yan kasuwa. Wannan dabara ta ado ce. Ranar da wani ya tsufar da kwalkwalin jiya, ya sayar wa baƙo da sunan na kakanni ne da aka je yaƙi da shi, ya ci amana, kuma ya ɓata mana suna gaba ɗaya. A gaya wa mai saye gaskiya: sabo ne, mu muka yi.

Shawararmu ita ce ƙungiya ta zaɓi yara biyu ta haɗa su da maƙeri da baduku, a fara aiki wata guda kafin Sallah. Bayan hawa a cire gashin jiminar a adana shi daban, a rataye kwalkwalin inda danshi ba ya kaiwa.

Allah Ya bar zumunci, Ya kai mu Sallah lafiya. Wassalam.