Jawabin Magatakarda Ga 'Yan Kasuwar Kwanar Ɗangora Kan Aikin Duba-Gari

Iyayena mahauta, da masu tuwo-tuwo, da fataken Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku kasa kunne.

Tun zamanin En'e, talaka in ya ji an ce ga duba-gari sai ya ɓoye randarsa. To, ku sani wannan ba sarauta ba ce, aiki ne na ilmi. A 1932 aka buɗe Makarantar Tsabta ta Kano don koyar da shi, kuma dokar 2002 ta ce sai mai rajista zai yi shi. Babban duba-gari shi ke tura ƙananan, ya karɓi rahotonsu, ya kai mai taurin kai kotu.

Me suke dubawa? Nama a mayanka, kada a sayar muku da huhun saniya mai tarin fuka. Salga, ta nisanci rijiya da kamar ƙafa 100, gama ta nan kwalara ke shiga ruwa, cutar da ta yi ɓarna a Nijeriya a 1971. Kwatami, inda sauro ke ƙyanƙyasa.

Saboda haka in ya zo rumfarka, buɗe masa. In akwai gyara, ya ba ka takarda da wa'adi. In ta kai ga tara, kada kwabonka ya fita sai da rasit. Wanda ya ba shi toshiyar baki don ya kau da kai, cuta ya saya wa 'ya'yansa da kuɗinsa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.