Harsashin Da Ya Sa Aka Gyara Aikin Gwamnati A Amurka

 

Da yake ni ma'aikacin gwamnati ne, na zaɓi in yi magana a kan yadda Amurka ta fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa.

Tun zamanin Shugaba Andrew Jackson, wanda ya hau mulki a 1829, al'ada ta kafu cewa duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta sallami ma'aikata ta zuba nata. Har akawun gidan waya bai tsira ba. Wanda ya samu aikin kuwa dole ya riƙa yankar wa jam'iyya wani abu daga albashinsa, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

A 1881 wani mai suna Charles Guiteau ya yi ta zarya yana neman Shugaba James Garfield ya ba shi muƙamin jakadanci a Faris, wai don ya taimaka masa a zaɓe. Da bai samu ba, sai ya harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Washinton ranar 2 ga Yuli. Garfield ya yi jinya har 19 ga Satumba ya rasu.

Wanda ya gaje shi, Chester Arthur, siyasar ubangida ce ta raine shi, don ta hanyarta ya taɓa zama shugaban kwastan na Niyok. Amma shi ne ya sa hannu a kan Dokar Pendleton a Janairun 1883. Dokar ta kawo jarrabawar ɗaukar aiki, ta kuma hana korar wanda ta shafa don ya ƙi ba jam'iyya kuɗi.

Da farko kashi 10 cikin 100 kawai na ma'aikatan tarayya ta shafa. Sai shugabanni masu barin gado suka riƙa faɗaɗa ta don su kare mutanensu daga kora. Zuwa 1900 ta haura kashi 40.

'Yan uwa, abin lura shi ne, ba waliyyai ne suka yi wannan gyara ba. Doka aka kafa, ta ɗaure har masu son kai. Mu da ke riƙe da fayil a yau, mu bar jarrabawa ta yi aikinta, ko da takardar ɗan abokin karatunmu ce a kan tebur.