Direban Lori da Haƙƙinsa a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Sana'ar lori a ƙauyukan Hausawan Sudan ta taso ne daga noma. Garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, yana kusa da Sinnar, inda aka kammala madatsar ruwa a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira. Daga baya manyan gonakin dawa da riɗi suka bazu a Gadarif da Dali da Mazmum da kewayen Damazin. Duk wannan amfani sai an kai shi kasuwa, jirgin ƙasa kuwa ba ya shiga daji. Wanda ya tara ɗan jari a noma ko fatauci sai ya sayi Bedford, wadda maƙeran Sudan ke sake wa ƙira har ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta na asali, ana kiranta Sifinja. Da aka gama kwaltar da ta haɗa Khartoum da Port Sudan ta Wad Madani da Kasala wajen 1980, lodi ya ƙara komawa kan titi.

Yawancin masu motar nan ba kamfanoni ba ne. Mutum ne mai lori ɗaya ko biyu, direbansa kuma ƙane ne ko ɗan maƙwabci, wanda ya fara da yaron mota yana ɗaure kaya da facin taya kafin a miƙa masa sitiyari. Wannan tsari ya horar da samari da yawa, kuma ya cancanci yabo. Amma a kan amanar baki yake tsaye, kuma a nan matsalar take.

Biyan direba yakan ɗauki ɗayan fuska biyu: ɗan albashin wata da kuɗin abinci a hanya, ko kaso daga kuɗin kowane sawu bayan an cire mai da ɗan kamasho da harajin shingaye. Na biyun ya fi ƙayatarwa a baki, domin yana sa direba ya ji kamar abokin tarayya ne. A aikace kuwa ya ɗauki asara ba tare da ya mallaki komai ba. Kwanakin jiran lodi a kasuwar Gadarif ba a biyansu. In damina ta sauka baƙar ƙasar yankin ta zama taɓo mai riƙe mota kwana da kwanaki, ba a biyan wannan ma. Mota ta lalace, mai ita ya yi asarar gyara, direba ya yi asarar abincin iyalinsa. Wanda ake biya da sawu dole ya rama lokacin da ya ɓata, abin da yake ramawa da shi kuwa barcinsa ne.

Duniya ta daɗe da gane wannan haɗari. Yarjejeniya ta 153 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1979, ta ƙayyade tuƙi a awa 9 a rana da 48 a mako, da hutu bayan awa 4, sai dai ƙasashe ƙalilan suka rattaba mata hannu. A Tarayyar Turai na'ura ce a cikin mota take rubuta lokacin tuƙi da na hutu. Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a 2017, amma ta ɗauke wa masu gajeren zango, waɗanda ba sa wuce mil 150 daga tasharsu; ko su ɗin, wajibi ne mai motar ya riƙe rajistar lokacin shigarsu aiki da fitarsu. Wato sassauci ya taɓa na'ura, bai taɓa rubutu ba.

Dokar ƙwadagon Sudan ta 1997 ta yanka awa 8 a rana da 48 a mako, amma ta ware iyalin mai ɗaukar ma'aikata da masu aikin wucin gadi daga kariyarta. Direban ƙauye da ke jan motar ɗan'uwansa, ba takarda, ba rajista, cikin sauƙi yake faɗawa wannan giɓi. In rigima ta tashi, ba shi da shaidar kwanakin da ya yi a hanya, kunyar zumunci kuma ta hana shi kai ƙara.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 ya tsananta lamarin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta. A tsakani an ƙwace motoci, hanyoyi sun toshe, mutanen da ke jigilar hatsi da 'yan gudun hijira sun yi ta kasada da ransu.

Gyaran wannan matsala ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Littafi guda a cikin kowace mota ya isa, a rubuta ranar tashi da ta isa, kuɗin lodi, abin da aka kashe, da kason direba da na yaron mota, kowa ya sa hannu. Dattawan unguwa da limamai, waɗanda a gabansu ake sasanta irin wannan saɓani, su ya kamata su fara neman a kawo musu littafin kafin su saurari kowa.