Haƙƙin Maƙwabci a Kan Mai Amya



An nemi in ce wani abu game da kiwon zuma, ganin da yawanmu mun yi ritaya muna neman sana'a. Abin da zan ja hankalinmu a kai shi ne, amya ba ta mai ita kaɗai ba ce. Ƙudan zuma kan yi tafiyar kilomita 3 ko fiye wajen neman fure, yana kuma shiga amyar da ta raunana ya kwashi zumarta. To, ta haka cuta ke tashi daga gonar wane ta faɗa gonar wane.

Saboda wannan ne Ingila ta kafa Dokar Ƙudan Zuma a 1980. A ƙarƙashinta, duk wanda ya yi zaton cutar da ke ruɓar da 'ya'yan zuma a cikin saƙa ta shiga amyarsa, wajibi ne ya sanar da hukuma. Idan aka tabbatar mai tsananin ce, sai a hallaka ƙudan a ƙone saƙar, domin ƙwayar cutar tana iya rayuwa shekaru masu yawa a jikin tsohon katako. Haka kuma ƙwaron Varroa mai kama da kaska, wanda asalinsa Asiya ne, ya isa Ingila a 1992.

A nan gida, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke yi wa zumar da aka ɗura a kwalba don sayarwa rajista. Sauran nauyin yana wuyanmu. Unguwa irin Gwammaja, gida jikin gida, ga makarantun allo ga awaki a ɗaure, ba wurin ajiye amya ba ce. In zuma ta harbi yaro, maƙwabci na da ikon kai ƙara gaban mai unguwa ko kotu. A kai amya gona, nesa da hanya. A riƙa duba saƙa, kada a sayi tsohuwar amyar da ba a san tarihinta ba, kada kuma a bar saƙa a fili bayan ɗiba. In an ga 'ya'yan zuma suna mutuwa suna wari, a sanar da malamin gona da maƙwabtan amya tun da wuri.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Wassalam.